Bangon da Injiniya ya ce barci yake yi

Akwai wani mutum da kowa a unguwarsu ke kira Injiniya. Tun yana jami'a sunan ya bi shi, har yaran layin suka taso ba su san yana da wani suna ba.

Sunan ba ƙarya ba ne, sai dai bai cika ba. Shi kwamfuta ya karanta. A wani ƙaramin kamfani yake aiki, inda ake haɗa wasannin bidiyo irin waɗanda 'ya'yanmu ke bugawa a waya har su manta da abinci. Amma a wajen mahaifiyarsa, injiniya injiniya ne. Famfo ya lalace, a kira Injiniya. Fanka ta tsaya, a jira Injiniya. Shi kuma bai taɓa buɗe baki ya ce wannan ba fannina ba ne. Sai ya taɓa nan ya taɓa can. In abu ya gyaru a yabe shi, in bai gyaru ba ya ce kayan ne jabu.

Bari in ɗan yi muku bayanin aikinsa, don sai da shi labarin zai fito.

Abu biyu aka damƙa masa a ofis: yadi da rushewa.

Idan kun ga jarumin wasa yana gudu rigarsa na kaɗawa, ba hoto aka ɗauka ba. Wani ne ya zauna ya saƙa raga ta ɗigo-ɗigo a cikin kwamfuta, ya haɗa kowane ɗigo da na kusa da shi kamar da zaren roba, ya ba su nauyi, sannan ya sako musu iska. In ya kuskure kaɗan, rigar ta sandare kamar kwano, ko ta shige cikin jikin mai ita.

Rushewa ma haka ne. Zai gina bango, ya yanyanka shi gunduwa-gunduwa tun kafin kowa ya gani, ya liƙe guntayen da lissafi, ya ce musu in bugu ya kai kaza ku rabu.

Sai kuma wata dabara da suke kira barci. Waya ba za ta iya lissafa kowane bulo na gari guda a lokaci ɗaya ba, zafi za ta yi ta tsaya. Don haka duk abin da ba a taɓa ba, sai a sa shi ya yi barci. Bango mai barci bai san damina ba, bai san tsufa ba. Zai tsaya ƙyam har abada, sai in wani abu ya buge shi ya farka.

A wannan aiki Injiniya gwani ne, wannan kam ba a musu. Shi ma ya sani, har ya fi kowa sani.

A tsohon gidan mahaifinsa yake zaune, shi da matarsa da yaransu da mahaifiyarsa, wadda kowa ke kira Umma. Matar tana koyarwa a firamare, shi ya sa har mijin Malama yake ce mata. Ɗakin Umma ne na ƙarshe, can ƙuryar gida. Bayan ɗakin akwai wani fili da mai shi ya cika da ƙasa zai yi gini, sai ya bari. Ƙasar ta hau har rabin bangon, ta toshe kwatar da ke wucewa ta wurin. Duk ruwan da aka yi, nan yake kwanciya.

Da damina ta yi nisa, sai tsaga ta bayyana a bangon, daga kusurwar taga ta gangaro har bayan gadon Umma.

Yayarsa ce ta fara ɗaga murya. Ita dai ba ta kiransa Injiniya, Auta take ce masa. Ta zo gaida Umma, ta ga tsagar, ta fito falo inda ya kafa teburinsa da manyan allunan kwamfutarsa guda biyu.

"Auta, ka ga bangon ɗakin Umma kuwa?"

Bai ɗago ba. "Na gani, Yaya. Filasta ce."

"Filasta ce ɗan yatsana ya shige? Ka nemo magini ya duba. In ba ka da lokaci ni zan turo."

Nan ya cire abin sauraren sautin da ke kunnensa. "Magini? A gidan nan? Ni da nake rushe gini kullum in san ta inda yake faɗuwa, wani mai cebur ne zai zo ya koya mini bango?"

"Kai naka na wasan yara ne."

Malama tana bakin ƙofa da farantai a hannu. Ta ga yadda fuskarsa ta canza. Ta san Yaya ta riga ta ɓata zancen. Da cewa ta yi don Allah, da wataƙila ya ji. Amma wasan yara? Ai yanzu ko rufin ne ke gangarowa, ba zai bari magini ya taka gidan ba.

Umma ta leƙo daga ɗakinta tana dogara sanda. "Ke dai ba kya zuwa gidan nan sai da rigima. Muna da injiniya a gida za a ɗauko bare?"

"Umma, injiniyan kwamfuta ne fa."

"To kwamfutar ba ta fi bulo wuya ba?"

Washegari ya shiga ɗakin da wayarsa. Ya ɗauki hoton bangon ta kowace kusurwa, ya auna tsawo da faɗi, ya shigar da komai cikin kwamfuta. Da Yaya ta sake zuwa, ya tara su a falo kamar masu kallon fim.

Ga ɗakin Umma nan a allo. Ga gadon, ga sallayarta a ninke a kan kujera, ga tsagar daidai inda take. Umma ta riƙe haɓa. "Ikon Allah! Har butata."

Ya sako wa bangon iska mai ƙarfi, bai motsa ba. Ya sako ruwan sama kamar da bakin ƙwarya, ruwan ya bi bangon ya gangara. Ya jefe shi da dutse, guntun filasta ya faɗo, shi ke nan. Sai da ya ɗauko wata ƙatuwar mota ya kara masa sannan ya zube. Yaran suka yi ihu suna cewa Abba a sake.

"Kun gani?" ya ce. "Sai dai in tirela ce za ta shigo ɗakin Umma. Bango ba ya faɗuwa haka kawai, Yaya. Barci yake yi. In ba a taɓa shi ba, ba ruwansa da kowa."

Yaya ta kalli allon, ta kalle shi.  Ta ɗauki jakarta. "Allah ya sa haka ne, Auta."

A ofis ya ba abokin aikinsa labari yana dariya. Dogo suke ce masa, teburinsu ɗaya, shi ke haɗa haske da inuwa. Dogo bai yi dariya ba.

"Ka sa ruwan ya jiƙa ƙasan bangon?"

"Manhajar ba ta yin wannan."

"Ƙasar da ke bayansa fa, tana turo shi?"

"Kai Dogo, ka cika tsoro."

"Ba tsoro ba ne, mutumina. Ni da kai mun san namu don ido muke yi. Mu so muke ya yi kama da gaske. Kama fa."

Injiniya ya sha mur ya mayar da abin kunnensa. Abin da Dogo ya faɗa ba sabo ba ne a wurinsa. Shi da hannunsa ya rubuta adadin ƙarfin da zai kayar da bangon nan, kuma daga kansa ya ƙago adadin, kamar yadda yake yi a kowane wasa. Amma ya riga ya tara iyali ya nuna musu. Ya koma ya ce me? Ya ce wa Yaya ta yi gaskiya?

Umma dai hankalinta ya kwanta. Abu ɗaya ya dame ta, tsagar ba ta da kyan gani in baƙi sun shigo. Sai ta ciro wani tsohon zanin gado fari mai ɗigon shuɗi daga akwatinta, ta sa Malama ta buga ƙusa biyu, aka rataye shi a kan bangon.

Kwanaki suka shuɗe, ruwa bai ɗauke ba.

Wata safiya ya shiga gaishe ta, ya same ta zaune a bakin gado tana kallon zanin.

"Injiniya, zo ka ga abin mamaki. Taga a rufe, ƙofa a rufe, fanka a kashe, amma zanin nan numfashi yake yi."

Ya tsaya. Gaskiya ne. Zanin yakan kumbura a hankali daga tsakiya, ya ɗan tsaya, ya koma ya manne da bango. Gefensa na ƙasa yana biyo baya da ɗan jinkiri, kamar mai jin nauyin tashi.

Ku lura da nan, 'yan uwa. Duk wanda ya ga wannan zai tambayi kansa, iskar daga ina take shigowa? Amsar ba ta da wuya: tsagar ta huda bangon har waje. Amma shi ba wannan tambayar ce ta zo masa ba.

A lokacin ya daɗe yana fama da wani labule a wasan da suke haɗawa. Oga, mai kamfanin, yana son wani ɗaki a cikin wasan, a wani gidan da aka ƙaurace wa, labule na motsi a hankali yadda zai sa tsikar jikin mai wasa ta tashi. Duk wanda Injiniya ya yi, Oga ya ce ko ya cika rawa ko ya cika mutuwa. Ga shi yau a gabansa, a ɗakin uwarsa.

"Umma, kar ki motsa," ya ce. Ya ciro waya ya durƙusa ya fara ɗauka.

"Lafiya dai ko?"

"Lafiya lau. Ke dai ba ki san abin da kika ba ni ba."

Ta yi murmushi. Rabon da ya daɗe haka a ɗakinta har ta manta.

Ya kai ofis ya zauna a kai. Ya rage wa ɗigogin ƙasa sauri, ya ƙara musu nauyi, ya sa iskar ta riƙa fitowa ta siririn layi guda a bayan yadin maimakon ta ko'ina. Da ya nuna, Oga ya miƙe tsaye ya tafa masa. Dogo ya daɗe yana kallo.

"Me ya sa ka sa iskar ta fito ta layi ɗaya?"

"Haka na asalin yake."

"A ina ka ga na asalin?"

Injiniya ya ce ana kiransa a waya, ya fita.

Ranar wata Asabar aka wayi gari ruwa ya ɗauke, rana ta fito tas. Malama ta same shi a falo da tsintsiya a hannu.

"Abban yara, yashi na share a kan gadon Umma. Jiya ma na share."

"Filasta ce ke bushewa."

"To na ji. Amma don Allah mu dawo da ita falo, ko na ɗan lokaci ne. Mu matsar da teburinka ɗakinmu."

"Ɗakinmu da soket ɗaya? Malama, ranar Litinin za mu miƙa aikin nan. In na kwance wayoyin nan yau, na rasa yini guda."

"Ni zan taya ka haɗawa."

"Ki haɗa? Wannan ba allon aji biyu ba ne." Ya yi 'yar dariya don ya rage kaifin maganar. "Bayan Litinin, in Allah ya yarda. Har fenti zan sa a yi mata."

Ta je ta roƙi Umma da kanta, ko tabarma ce ta shimfiɗa mata a tsakar gida. Umma ta ce ƙafarta ba ta son sanyin siminti. "Kuma ai Injiniya ya duba. Ke je ki kasuwarki, 'yar nan, kar rana ta yi miki."

Malama ta kwashi yaran suka tafi.

Bayan azahar Umma ta kishingiɗa. Shi yana falo, abin kunne a kunne, yana gyara faɗuwar wata hasumiya. Tun safe yake rushe ta yana mayarwa, yana rushewa yana mayarwa, ƙarar na cika masa kai. Shi ya sa bai ji komai ba. A tafin ƙafarsa ya ji. Ruwan kofin da ke kan tebur ya yi rawa. Sai ya ga allonsa na dusashewa, ya kai hannu zai goge, ya tarar ƙura ce ta cika falon.

A wasanninsa ƙura kaɗan yake sawa, kuma ta washe da wuri don mai wasa ya ga gabansa. Wannan ba ta washe ba. Ta shiga idonsa, ta shiga maƙogwaronsa. Da lalube ya isa ƙofar ɗakin.

Babu bango. Jar ƙasa jiƙaƙƙiya ta kwararo ciki tare da bulo, rabin rufin ya sauko ya zauna a inda gadon yake. Daga ƙarƙashin tarin, gefen farin zanin nan mai ɗigon shuɗi ya leƙo, ya jiƙe da laka, ko motsi ba ya yi.

Ya tsaya kamar an dasa shi. Daga baya ya gaya wa Malama cewa a wannan tsayuwar ya ji yatsun hannunsa na hagu suna motsi da kansu, suna neman maɓallan da ke mayar da komai baya.

Sannan ya faɗa kan tarin yana kiran Umma.

A wasa, ɓaraguzai ɓacewa suke yi bayan ɗan lokaci don hanya ta buɗe. Waɗannan suna nan. Ya kama wani guntun bango da bai kai faɗin teburinsa ba, ya ja da duk ƙarfinsa, ko gezau. Mutumin da ya ba dubban bulo nauyi da yatsa ɗaya, ranar ya fara sanin nauyin bulo.

Maƙwabta ne suka shigo da cebur da ƙarafa. Aka ciro ta da rai, amma daga ƙugu zuwa ƙasa ba ta jin komai, numfashinta kuma da ƙyar.

A asibiti Yaya ta iso mayafinta a hannu. Ta gan shi tsugune a baranda, farce a fashe, laka har gashin kai. Ta buɗe baki, sai ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce tsohuwar na kiran 'ya'yanta.

Umma ta kalli Yaya tukuna. Muryarta sai an sunkuya ake ji.

"Kar ki yi masa faɗa."

"Umma, ki yi shiru ki huta."

"Ya duba. A gabanki ya duba, har butata ya sa." Ta juyo da ido wajen likitan da ke tsaye. "Ɗana ne wannan, likita. Injiniya ne. In da abin da za a gani, da ya gani. Kwana ne ya ƙare."

Likitan ya gyaɗa kai don girmamawa. Injiniya ya so ya yi magana. Ya so ya ce Umma ban duba ba, hoto na yi miki. Amma ta riga ta rufe ido. Washegari da hantsi ta cika.

Yaya ta riƙe wasiyyar. Ba ta yi masa faɗa ba, ko sau ɗaya. Masu zuwa gaisuwa suna cewa tsautsayi ne, tunda har injiniyan gidan bai hango ba, ita kuma sai ta sunkuyar da kai. Abu ɗaya ya canza. Daga ranar ba ta ƙara ce masa Auta ba. In ta kama dole ta kira shi, Injiniya take cewa, kamar kowa.

Wasan ya fito a lokacinsa, Dogo ne ya ƙarasa hasumiyar. Da Injiniya ya koma aiki, Oga ya yi masa ta'aziyya, sannan don ya faranta masa ya juyo masa da waya ya nuna masa abin da mutane ke rubutawa. Ba hasumiyar suke yabo ba. Labulen ne. Wani ya ce ya tsaya a ɗakin nan ya kasa wucewa. Wata ta ce kamar gidan ne ke numfashi, duk wanda ya yi wannan ya san yadi.

"Oga, a cire shi," ya ce.

"A cire? Shi ne fa a tallanmu. Ya riga ya shiga wayoyin mutane, ko na so ba zan iya bin su ɗaya bayan ɗaya ba."

Har yau labulen na nan. Wani lokaci a cikin motar haya zai ga yaro a kujerar gaba yana buga wasan, farin yadi na kumbura yana komawa, iska na fitowa ta siririn layi guda a bayansa. Sai ya ce wa direba zai sauka, ko bai kai inda za shi ba.

Da wata daminar ta zagayo, wata dattijuwa maƙwabciyarsu, ƙawar Umma, ta yi sallama a gidan. Ta ce katangar bayan gidanta ta ɗan tsage, jikokinta kuma nan suke wasa.

"Na ce bari in zo wajen Injiniya ya leƙa mini, ɗan albarka. Marigayiya kullum tana cewa ba abin da ba ka sani ba."

Malama tana tsakar gida tana shanya, ta tsaya da rigar a hannu.

 Ya ce, "Baba, ni ba injiniyan gini ba ne. Ban san bango ba. Ki kwashe yaran daga wurin yanzu, ni kuma zan je in nemo wanda ya sani."

Ya sa takalmi ya fita. Maganar ba ta ɗauke shi ko minti guda ba. Da ya kai ƙofar gida sai ya dafa bango, ya tsaya a nan yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Darasi: Gwaninta a fanni ɗaya ba ta mayar da mutum masanin komai, kuma abin da ya yi kama da gaskiya a allo ba shi ne gaskiya ba. Idan iyalinka sun dogara da sunanka, amanarsu ce a wuyanka ka ce "ban sani ba" tun lokacin da faɗin hakan zai yi amfani. Ku tura wa 'yan uwa wannan labari, musamman wanda gida ya ɗora wa yarda, kuma in da tsaga a bangonku, yau ɗin nan ku kira mai sana'ar ya gani.